Abincin Kansila

Ranar da aka zaɓar wa Kansila, karen Baba Sito, abinci, ba don shi aka fita ba. Daga asibiti suke, wajen gashin ƙashin Baba Sito, sai Manaja ya tuna matarsa ta ce buhun karen ya ƙare tun shekaranjiya. Ya karya kan mota ya tsaya a ƙofar wani shagon abincin dabbobi.

"Baba, zauna kawai, yanzu zan fito."

Baba Sito bai zauna ba. Ya lalubi marfin mota da hannun hagu, ya sauke ƙafar da take jin magana, ya jawo wadda ba ta ji, ya dogara sandarsa mai ƙafa huɗu ya bi bayan ɗansa. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kwaso shi da karensa aka kawo su gidan Manaja, babban ɗansa. Hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi, amma hanci yana nan daram. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da siton wani kamfanin abincin dabbobi, can ma sunan ya bi shi, kuma har gobe in aka buɗe buhu a gabansa ya san abin da ke ciki kafin a karanta takardar jiki. Faɗar ce yanzu ta zama aiki.

Mai shagon wata mata ce mai tabarau a goshi. Buhuna uku ta buɗe musu, ja da shuɗi da rawaya.

"Shekararsa nawa?" ta tambaya.

"Wa? Baba?" in ji Manaja.

"Karen."

Manaja ya sosa ƙeya. Baba Sito ya jingina da kanta, ya ɗaga yatsu biyar, ya sake ɗaga biyar, sannan biyu.

"Sha biyu? Ai dattijo ne," ta ce. "To bari in gaya muku gaskiya. Jan nan yana da kyau, amma rabin kuɗinsa na hoton da ke jikin buhun ne. Shuɗin nan shi nake ba masu tsohon kare. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, gishiri kaɗan, da nama a ciki na gaske, kuma ba ya karya aljihu. A riƙa jiƙa masa da ruwan ɗumi saboda haƙori. Rawayan kuwa dusa ce da kala. Matashin kare mai samun wani abu a gefe zai iya maneji da shi, amma ban da tsoho."

Baba Sito ya tsoma hannu a kowane buhu, ya shinshina, ya fasa ƙwaya da farce ya duba cikinta. Ya dawo kan shuɗin, ya ɗora tafinsa a kai kamar mai rantsuwa. Ya tattara bakinsa, ya turo kalmar da ƙyar.

"Wan…nan."

Manaja yana duƙe yana karanta ƙananan takardun farashi. Bai ɗago ba.

"Kin ji ko? Ya ce wancan," ya nuna rawayan da mukullin mota. "Baba ba ya son almubazzaranci, tun muna yara haka yake."

Matar ta dubi hannun tsohon da ke kan shuɗin buhu, ta dubi Manaja, ta sauke tabaranta kan hanci. Ciniki ciniki ne. Ta ɗaure bakin rawayan.

Ɗakin Baba Sito yana ƙarshen baranda, daf da ƙofar baya. Da can ɗakin ajiya ne, har yanzu ma tsohuwar fanka da akwatuna biyu suna saman kabad ɗinsa, Madam ta ce za a kwashe in an samu lokaci. Madam ita ce matar Manaja, shugabar wata makarantar firamare, mace mai tsari wadda ba ta taɓa ɗaga wa surukinta murya ba. Kullum da safe sai ta rusuna a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" kuma kafin ya gama haɗa amsa ta kai kicin.

A bakin ƙofar nan Kansila yake kwana, a kan wani tsohon bargo. Marigayiya matar Baba ce ta sa masa sunan, wai duk taron da aka yi a gidan sai ya halarta, ya zauna a gaba, ya yi barci har a tashi. Baƙin kare ne, amma furfura ta cinye masa baki da gira, haƙoransa na gaba sun zube saura ɗaiɗai.

Washegari Madam ta zuba masa kofi biyu na rawayan buhu a kwano ta wuce makaranta. Kansila ya shinshina, ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta a baki daga wannan gefe zuwa wancan, ya ajiye ta a ƙasa da ladabi, ya koma ya kwanta. Baba Sito ya jawo kwanon da sandarsa, ya tsiyaya ruwan filas a kai, ya jira ta yi laushi. Karen ya ci rabi.

Kwana huɗu ana haka, Madam ta tarar da ruwa a ƙasan ɗakin.

"Baba, filas ɗin nan zai ƙona ka wata rana. Hannu ɗaya fa. Bari in ajiye maka a kicin, duk lokacin da kake so ka yi magana."

Ta ɗauke. Daga ranar shayin Baba na safe ya zama ruwan jiƙo. Ya kurɓi biyu don ya haɗiye ƙwayoyin maganinsa, sauran ya juye a kwanon Kansila. Karen ya koyi cin dusa da madara da sukari, bai yi ƙorafi ba.

Da a nan aka tsaya, da an lallaɓa. Amma da rawayan ya ƙare, Manaja ya dawo daga ofis wata yamma da wani farin buhu a but ɗin mota, babu hoto, babu suna, babu kwanan wata. Ya shigo da shi yana murna kamar wanda ya ci gasa.

"Wani abokin aikinmu ne ya haɗa ni da mai kawowa," ya gaya wa matarsa. "Abincin kamfani ne sak, buhun ne kawai ba su saka ba. Mutane buhu suke saye ba su sani ba. Kin ga girmansa? Wannan sai ya kai mu wata uku."

Ya jingine shi a baranda, tsakanin ƙofar Baba da ƙofar baya, ya yanke zaren. Baba Sito yana zaune a bakin gado warin ya iso masa, kuma ya san shi kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. Warin masarar da ruwa ya taɓa aka busar a gurguje, fumfuna ta kama ta, aka niƙa aka rufe da kala. A zamaninsa irin wannan kaya ko kaji ba a ba su. Mota guda ya taɓa mayarwa saboda shi, direban har da kuka.

Ya buga sandarsa a ƙasa. Madam ta leƙo.

"Ya ru…ɓe," ya ce, yana nuna buhun. "Ru…ɓe."

"Ruwa? To, Baba."

Ta kawo masa kofi a faranti, har da murfi. Ya girgiza kai, ya sake nunawa, ya sake faɗa, leɓensa na dama yana saki, yawu yana neman zubowa. Ta tsaya da haƙuri na minti guda, irin haƙurin da take yi wa 'yan aji ɗaya.

"Baban yara, zo ka ji abin da Baba yake cewa."

Manaja ya zo yana tauna, ya saurara da kai a karkace.

"Cewa yake an gode," ya ce. "Ba komai, Baba. Ai karenka karenmu ne."

Kansila ya ci sabon abincin sau biyu, saboda yunwa da kuma shayin da aka zuba masa. Sau biyun ya mayar da shi a tsakar baranda. A na uku ko kallon kwanon bai yi ba. Madam ta goge wurin tana riƙe da hanci.

"Gata ne ya yi masa yawa," ta ce. "Karnukan unguwa me suke ci? Ga su nan ɓul-ɓul."

"Rabu da shi," in ji Manaja. "Yunwa za ta koya masa hankali. In kin canza masa yau, gobe sai ya ce sai da cokali."

Baba Sito yana da alƙalami a aljihun rigarsa, ya gwada rubutu da hagu a bayan kwalin magani. Abin da ya fito ya fi kama da sawun kaza. Ya miƙa wa Manaja, Manaja ya juya kwalin sama da ƙasa ya ce madalla, likita ma ya ce a riƙa motsa hannun. Baba ya tuna katin fanshonsa, wanda da yana hannunsa da ya aiki wani ya sayo shuɗin buhu a rufe magana. Katin yana walat ɗin Manaja tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti, saboda kada ya ɓata.

Saboda haka ya yi abin da ya rage masa. Abincinsa a ɗaki ake kai masa, a tire, a ja ƙofa. Da rana shinkafa da miya da yankan nama biyu, da yamma burodi da ƙwai ko dankali. Da an ja ƙofar sai ya tura ta da sanda, Kansila ya shigo a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Baba ya ci cokali uku, ya murmushe naman da yatsu, ya sauke farantin ƙasa. Karen yana ci, shi yana kallon ƙofa.

Faranti ya fara komawa kicin tas, kamar an wanke.

Auta, ƙanwar Manaja, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, duk Lahadi take kira. Madam ta ba ta labari da farin ciki.

"Cin abinci kam sai godiya. Ko ƙwayar shinkafa ba ya bari. Har na ƙara masa hannu."

Aka kara wa Baba wayar a kunne.

"Baba, ya jiki? Kana shan magani?"

"Kan…si…la," ya ce. "Bu…hu…"

Manaja ya janye wayar. "Kin ji shi, wai Kansila ma yana gaishe ki. Magana tana gajiyar da shi, bari ya huta."

Abincin mutum ɗaya bai ishi tsofaffi biyu ba. Miyar ma da yaji, karen yana ci yana tari. Kuma kwanon farin buhu yana nan a baranda, in Baba ya yi barcin rana yunwa takan kai Kansila can, ya ɗan taɓa, ya dawo ya kwanta yana nishi. Cikinsa ya kumbura, ƙashin bayansa ya fito a jere, fararen idonsa suka koma ruwan ɗorawa. Shi kuma Baba wandonsa ya fara zamewa, ya riƙa naɗe ƙugun sau biyu. In ya miƙe ɗakin yakan juya da shi, sai ya koma ya zauna ya jira ya tsaya. Maganin hawan jini a kan cokali uku na shinkafa ba ya wasa. Zoben azurfar da ya shekara arba'in a yatsansa ya zame da kansa a banɗaki, ya gangara ƙarƙashin baho, bai iya sunkuyawa ya ɗauko ba.

Babu wanda ya lura, saboda babbar riga ake saka masa.

Sikelin asibiti ne ya lura. Likitan ya dubi allurar, ya dubi katin, ya ce a sauke Baba a sake ɗora shi.

"Kilo takwas a wata biyu," ya ce. "Yana cin abinci kuwa?"

"Likita, wallahi har ya fi ni ci," in ji Manaja, da gaskiyarsa.

"To akwai inda abincin yake tafiya. Ku sa ido."

Suka sa ido. Washegari da rana Madam ta kai tire, ta ja ƙofa, ta cire takalmi ta dawo da sanɗa. Ta tarar da surukinta a duƙe yana riƙe da faranti da hannu ɗaya, karen yana lasa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Innalillahi," a hankali, ta ɗauki farantin da yatsu biyu ta kai shi bola kai tsaye.

Da yamma aka yi taro a falo. Aka zaunar da Baba a babbar kujera, aka ajiye waya a tebur Auta tana ji. Kansila ya biyo su ya zauna a bakin ƙofa.

"An gano matsalar," in ji Manaja. "Karen nan ne yake cinye wa Baba abinci. Ya ga mutum ba ƙarfi, ya raina shi."

"Kansila?" muryar Auta ta fito daga wayar. "Yaya, karen da ko nama aka ajiye a gabansa sai an ce ya ɗauka?"

"Ke kin san shi da. Dabba dabba ce. Ga abincinsa buhu guda a ajiye, ya ƙi, sai na mutane."

Baba Sito ya buga ƙirjinsa da hannun hagu. "Ni… ni… na ba…"

"Ka gani?" in ji Madam. "Shi ma abin yana damunsa. Sannu, Baba."

Aka yanke hukunci biyu. Daga yau Baba a tebur zai riƙa ci tare da kowa, a gaban ido. Kansila kuma za a ɗaure shi a bayan gida, gindin tankin ruwa, da kwanonsa. Auta ta ce za ta nemi hutu ta zo ƙarshen mako mai zuwa. Manaja ya ce ba sai ta wahalar da kanta ba, an riga an shawo kan abin.

Tsakanin ƙofar baya da tankin ruwa akwai matakala uku, babu abin dafawa. Baba Sito ya tsaya a kansu washegari bayan kowa ya fita, da gutsuren burodi a aljihu. Ya sauke sandar a mataki na farko, ya gwada, ƙafar dama ta ƙi biyo shi. Ya jefa burodin da hagu. Ya faɗi kusa, taku biyar kafin inda sarƙar ta ƙare. Kansila ya taso, ya ja har sarƙar ta miƙe, ya tsaya yana kallon burodin. Tsuntsaye suka sauko suka cinye a gabansu su biyu.

Ya sake gwadawa kashegari, da kashegarinta. Sau ɗaya ya dace, wani dafaffen dankali ya gangara har gindin tankin.

A tebur kuwa Madam tana zuba masa tana ƙirga lomarsa da ido. Yana ci, don in bai ci ba za a ce a kira likita. Daga inda yake zaune yana jin ƙarar sarƙa a kan siminti. Kwanakin farko tana yawan motsi. Daga baya sai jefi-jefi.

"Kun ji ya yi shiru?" in ji Manaja ranar Alhamis. "Na gaya muku zai saba."

Auta ta iso ranar Asabar da hantsi. Ta rungume mahaifinta, ta ji ƙasusuwa a ƙarƙashin babbar riga. Kafin a kira su cin abinci Baba Sito ya fita baranda, ya jingina da bango, ya tura hannu can ƙasan farin buhun inda ya san abin ya fi taruwa, ya cika aljihunsa.

An shimfiɗa farin ƙyallen tebur saboda baƙuwa. Manaja yana tsaka da ba da labarin cunkoson hanya, Baba ya zaro hannu daga aljihu ya zube abin da ke ciki a tsakiyar tebur, kusa da kwanon miya. Ƙwayoyin sun manne da juna, kore-kore da fari-fari kamar auduga. Ƙananan ƙwari suka fito suka bazu a kan ƙyallen, kowa ya kama gabansa.

Madam ta ja kujerarta baya. "Baban yara, na gaya maka a faɗa wa likita. Kan Baba ya fara taɓuwa. Wasa da abincin kare kuma?"

Auta ta ɗauki dunƙule ɗaya ta kai hanci, ta yar.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Abincin Kansila."

"Wannan kuke ba shi? Tun yaushe?"

"Ƙasan buhu ne. Kowane buhu ƙasansa haka yake. Na sama lafiyarsa ƙalau."

Ta juya ga mahaifinta, ta matso da kujerarta har gwiwarsu ta haɗu. "Baba, faɗa mini. A hankali, ba sauri muke ba."

Ya ɗauki lokaci. Miya ta huce. Ta jira.

"Ya… ru…ɓe. Na… fa…ɗa."

"Ya ce ya ruɓe," in ji Auta. "Ya ce ya faɗa muku."

"Ni ruwa na ji," in ji Madam.

"Ke kina zuwa sau biyu a shekara," Manaja ya ajiye cokali. "Mu muke kwana da shi mu tashi da shi. Kin san abin da gidan nan yake ci a wata? Kin san kuɗin gashin ƙashi? In kowa ya ce sai abin da ransa yake so, har da kare, ina za mu?"

"Fanshon Baba fa?"

"Yanzu a gaban abinci za ki yi mini wannan tambayar?"

Auta ta ture kujerarta. Ta tashi ta fita bayan gida. Baba yana jin ta tana kwance sarƙar, yana jin ta tana cewa, "Kansila, ni ce, tashi mana." Ta shigo da shi a rungume kamar jariri, ta kwantar da shi a kan bargonsa a bakin ƙofar Baba. Babu wanda ya hana ta. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta dawo da likitan dabbobi da kuma jan buhun nan mai hoto, mafi tsada a shagon. Da ta tambayi Baba da ya ce mata shuɗin ya isa, amma ranta a ɓace yake, kuma ɓacin rai ba ya duba farashi.

Likitan dabbobin ya danna cikin karen, ya buɗe idonsa, ya leƙa farin buhun, ya goge hannunsa.

"Hantar ta tafi," ya ce. "Da wata guda baya ne, da mun yi magana." Ya yi masa allura don ya samu sauƙi.

Auta ta dawo da filas ɗin ɗakin da kanta. Baba ya jiƙa rabin kofi daga jan buhun, ya dama da yatsa, ya miƙa. Kansila ya lashi yatsan sau biyu, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar Baba ta dama, wadda ba ta jin komai. Baba ya sa hannu ya mayar da kan karen bisa ta hagu.

Hutun Auta kwana biyu ne. Ta tafi Lahadi da yamma tana kuka, bayan ta sa yayanta ya yi alkawari uku, ya kuma amsa duka da "in sha Allahu". Litinin da safe Madam ta zo gaisuwa, ta rusuna, ta ce, "Baba, ina kwa…" sai ta ga karen ya miƙe ya sandare, surukinta yana zaune a ƙasa kusa da shi. Yadda ya sauko ƙasan da kansa, babu wanda ya sani.

Ranar masu kwasar shara ce. Manaja ya makara ofis, ya rasa abin da zai sa gawar. Ya juye sauran farin buhun a bola, ya sa Kansila a ciki, ya ɗaure bakin. Buhun ya ɗauke shi har da sauran wuri. Baba Sito yana kallo ta taga aka jefa shi a bayan mota tare da kwalaye.

"Tsufa ne," Manaja ya gaya wa maƙwabcin da ya tambaya. "Shekara sha biyu fa. Mun yi iya ƙoƙarinmu, har likita aka kira masa gida. Ga abincinsa can, mafi tsada a kasuwa, ko kofi ɗaya bai ci ba."

Kuma gaskiya ne, ga buhun can a baranda, kowa yana iya gani.

Wata guda bayan haka sikelin asibiti ya nuna Baba Sito ya ƙara kilo biyu. Likita ya yaba wa iyalin, ya ce ba kowane tsoho ne yake samun irin wannan kulawa ba. A unguwa ma haka ake faɗa. Gidan Manaja ba a taɓa jin an daki wani ba, ba a taɓa jin zagi ba. Tsohon yana da ɗakinsa, yana da maganinsa, ana gaishe shi safe da yamma a rusune. In mata suna yi wa surukansu faɗa, da Madam suke ba da misali. Babu ranar da wani a gidan ya tashi da niyyar mugunta. Kowace rana dai akwai abin da ya fi sauƙi a ji, shi aka ji.

A satin nan ne aka haura gidan maƙwabta aka cire batirin mota. Manaja ya ce gida ba kare hatsari ne. Ranar Asabar ya dawo da wani ɗan kwikwiyo mai launin toka a cikin kwando, irin na ƙasar waje, da katin rigakafinsa da takardar iyayensa da kakanninsa. Yara suka kewaye shi suna ihu. Aka sayo masa kwano mai ƙyalli, aka jawo jan buhun Auta daga baranda aka kai shi kicin, inda babu danshi.

Kwikwiyon ya zame daga hannun yara, ya bi baranda yana tangaɗi, ya tsaya a bakin ƙofar Baba yana shinshina simintin wurin. Baba Sito yana zaune a bakin gado da gutsuren biskit a hannu. Bai miƙa ba, bai ma motsa ba. Manaja ya biyo da sauri ya ɗauke abinsa ya rungume.

"Baba, don Allah wannan kar ka ba shi komai," ya ce da murya mai taushi. "Mai sayarwar ya ja mini kunne sosai. Irinsu cikinsu ba ya son wasa, abu kaɗan ba daidai ba sai ka rasa shi. Ka ji, Baba?"

Baba Sito ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa.

"To," ya ce.

Wannan kam kowa ya ji ta daidai.